Ragon Suna Tsakanin Ɗan Sanda da Jandarma

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, har da ranakun da nake yi wa mutane alkawarin ɗinkinsu, kuma duk wanda ya taɓa kawo mini yadi a Kpangalam zai ba da shaida. Amma yinin da ragon sunan 'yata ta fari ya maƙale tsakanin 'yan sanda da jandarmomi a bakin garin Dapaong, wannan ko na tsufa har na kasa zura zare a allura ba zai fita daga raina ba.

Ni tela ne, haifaffen Sokodé. Matata kuwa 'yar zangon Dapaong ce, mahaifinta dillalin dabbobi ne, irin mutanen nan da ke shafa bayan rago sau ɗaya su gaya maka abin da ya ci jiya. Ranar da na fara zuwa gaishe shi, ya dubi hannayena masu laushi, ya juya wajen abokan zamansa ya ce, "Tela ne, ko? To Allah ya sa ya san bambancin rago da bunsuru." Aka yi dariya, ni ma na taya su, don a gaban suruki ba ka da abin yi sai murmushi. Maganar dai ta tsaya mini a rai, ta ƙi wucewa.

Saboda haka, ina jin matata ta samu ciki, na je kasuwar Kambolé na sayo ɗan rago fari, mai baƙin zobe a ido ɗaya kamar an rambaɗa masa kwalli. Na ɗaure shi a bayan shago. Dusa, harawa, ɓawon doya, ɗan kanwa a ruwa, babu abin da ban ba shi ba. Duk Juma'a sai na yi masa wanka da sabulu kafin in yi nawa. Maƙwabta suka riƙa cewa ragon ya fi mai shi ƙiba, kuma ba ƙarya suka yi ba. Da cikin ya tsufa, 'yan uwanta suka zo suka tafi da ita gida goyon ciki kamar yadda ake yi a haihuwar fari, aka bar ni daga ni sai rago. Abokaina suka yi ta ba ni shawara in sayar da shi in sayi wani a can, wai wa ya taɓa ɗaukar rago daga Sokodé ya kai Dapaong, alhali daga can ake loda su zuwa nan. Na toshe kunnena. So nake tsohon nan ya shafa bayan ragon da tela ya kiwata, in ga abin da zai ce.

Aka bugo waya an sauka lafiya, mace ce. Kunyar 'yar fari ta hana ni tambayar kamanninta, sai na tsaya a kan yaya mai jego, amma Allah ya sani zuciyata ta riga ni isa Dapaong. Ranar jajibirin suna na yi sammako, aka ɗaure ragon a saman motar haya tsakanin buhunan doya, muka kama hanyar arewa.

Da hantsi muka iso wani allo da ke bakin hanya, wanda aka rubuta sunan garin a jikinsa. A nan direbobi suka saba tsayawa su sauke wa 'yan kasuwa dabbobinsu kafin a shiga gari. Sai wata dabara ta zo mini. Na ce a sauke ni a nan ni ma, in ba ragon ruwa, in goge masa jiki, ya shiga gidan surukai yana sheƙi. Aka sauke mu, mota ta wuce. Na kwance masa ƙafafu, na juya in ɗauko tsumma a jaka. Ragon da tun jiya na rage masa abinci don kada ya ɓata wa mutane doya, ya ɗaga kai ya hango kore. Kafin in waiwayo ya fizge igiya, ya tsallake lambatu, ya faɗa gonar wake da ke dab da allon.

Na bi shi da babbar riga da sababbin takalma. Wanda bai taɓa ganin tela yana bin rago a cikin kunyoyin wake ba, bai ga abin dariya ba. In na yi dama ya yi hagu, in na tsaya in huta shi ma ya tsaya ya ci. Abin da bakinsa bai cinye ba, ƙafafuna da nasa sun tattake. Muna cikin haka wata tsohuwa ta ɓullo daga gefen gonar, siririya, da ƙaramar fartanya a kafaɗa. Ba ta yi gudu ba, ba ta yi ihu ba. Ta dai jira ya zo wucewa, ta taka igiyar da ƙafa, ta naɗe ta a hannu. Ta ja shi ta wuce allon, ta shiga wani gida da ke nan kusa ta ɓangaren gari, ta ɗaure shi a gindin mangwaro, ta jawo kujera ta zauna.

Na yi sallama, na durƙusa, na ce, "Mama, ki yi haƙuri, ragona ne, kuma laifina ne. Ki faɗi abin da zan biya."

'Yar ƙabilar Moba ce, Hausarta ta kasuwa ce, amma ta isar da saƙo sarai. Ta ce, "Ni ban so kuɗi. Gona ya lalace. Tafi ka kawo hukuma, ya gani da ido."

Na ce gobe suna, ta ce Allah ya raya. Na ce daga Sokodé nake, ta ce sannu da hanya. Duk ta inda na ɓullo sai ta tare ni da gaisuwa, igiya kuwa ko kallonta ba ta yi ba. A ƙasar nan kowa ya san dabbar da aka kama a gona ba a kwance ta da ƙarfi, sai mai gona ya yarda. Na tsayar da zemijan, wato ɗan babur na haya, na ce ya kai ni wajen 'yan sanda.

Ɗan sandan da na tarar a teburi mutum ne mai fara'a, mai ɗan tumbi. Ya saurare ni har ƙarshe, ya yi dariya daidai inda ya kamata, sannan ya tambaye ni, "Gonar nan, kafin allo take ko bayan allo?"

Na ce, "In kana fitowa daga gari, bayan allo take, Shef. Amma da kaɗan."

"Ko da tafin hannu ne, ta fita daga hannunmu," in ji shi. "Mu namu cikin gari ne. Daga allo zuwa ƙauye na jandarma ne. In na je na duba gonar, ganina bai da amfani a gaban kowa, kuma manyana za su tambaye ni me ya kai ni. Je ka birgad."

Muka ɗauki hanya zuwa birgad, ofishin jandarmomi, can wani gefen. Jandarman da na samu dogo ne, mai gashin baki, ba ya dariya da wuri. Shi ma ya saurara, ya gyaɗa kai ya ce lalle gona tasu ce. Raina ya fara sanyi. Sai ya ce, "Yanzu ragon yana ina?" Na ce yana gidan tsohuwar. Ya ce gidan yana ina. Ina buɗe baki na sha jinin jikina.

"Kafin allo," na ce a hankali.

"Wala, ka gani ke nan," in ji shi, ya buɗe hannaye. "Kai rago kake so a sako maka, rago kuwa yana cikin gari. Gona zan iya dubawa, amma ba ni da ikon shiga gidan mutum a cikin gari in ce a kwance dabba. Koma komisariya, wajen 'yan sanda."

Na koma. Mai tumbi ya ce shi zai iya shiga gidan, amma da wane baki zai ce wa tsohuwa ta saki rago alhali ba a duba ɓarnar ba, kuma duba ɓarna ba nasa ba ne. Na sake komawa birgad, na tarar an tashi hutun rana. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne babu wanda ya yi mini tsawa, babu wanda ya nemi wani abu a hannuna, kuma in ka auna maganar kowannensu sai ka ga gaskiya ya faɗa. Ragona ya yi laifi a ƙasar wani, an tsare shi a ƙasar wani, tsakanin wuraren biyu kuwa ko jifa ba ta kai ba.

Ina tsaye a rana sai waya ta yi ƙara. Surukina ne.

"Malam tela, an ce tun asuba ka taso. Ko ragon ne yake tuƙa motar?"

Na ce, "Baba, mun kusa, ɗan uzuri ne ya tsayar da ni."

"To madalla. In wani abu ya samu ragon naka, kada ka ji nauyi. Na ware ɗaya a garke tun shekaranjiya, don na san hanya."

Ya faɗe ta da taushi, amma na ji ta har ƙashi. Na hango gobe da safe ana raɗa wa 'yata suna da ragon kakanta, ubanta yana zaune a gefe da babbar riga mai dauɗar gona. Na hango kuma shekarun da za a yi ana ba da labarin a zangon Dapaong, duk sallah, duk biki. Idona ya cika da ƙwalla a tsakiyar titi, ban ɓoye ba.

Na ce da ɗan zemijan ya mayar da ni gidan tsohuwar. Niyyata in yi mata magiya, in ta ƙi in yi mata faɗa. Na tarar ta ajiye wa ragon ruwa a kwano, ta zuba masa ganye, shi kuwa gogan yana kwance yana tuƙa ko a jikinsa. Ni ma ta miƙo mini ruwa a ƙwarya. Na sha, na ba ta labarin yawon da na yi. Ta yi wata 'yar dariya wadda babu daɗi a cikinta.

"Yau kai ya gani," in ji ta. "Kowane damina, mota ya sauke dabba a nan, dabba ya shiga gona na. Na tafi komisariya, ya ce birgad. Na tafi birgad, ya ce mai dabba ya shiga gari, tafi komisariya. Ni ba zemijan, ƙafa ne. Kafin na dawo, rana ya faɗi, wake ya tafi." Ta nuna ragon da haɓa. "Yau na kama na mutum mai sauri. Kai za ka kawo su."

Faɗan da na ƙunso ya narke. Na dubi ƙafafunta, duk sun tsage, na tuna ni a kan babur na yi nawa yawon, kuma rabin yini kawai. Mijinta ya rasu, waken nan shi ne miyarta, shi ne kuɗin sabulunta. Kunya ta kama ni, don tun safe ban tuna da gonar ba ko sau ɗaya, rago kawai nake gani.

Ɗan zemijan, wanda ya gaji da jigilata har ya fara tausaya mini, shi ya kawo mafita. Ya ce, "Maigida, a ofis ne suke biyu. A wajen cin abinci ɗaya ne. Hau mu je."

Ya kai ni wata rumfa a bayan tasha, inda wata Hajiya ke sayar da shinkafa da wake da soyayyen wagashi, cukun nan na Fulani. Ina shiga na gan su. Mai tumbi da mai gashin baki, a benci ɗaya, huluna a gwiwa, faranti ɗaya na wagashi a tsakaninsu, suna gardamar ƙwallo. Suka ɗago suka gan ni, kowanne ya tsaya da loma a hannu.

Na gaishe su, na ce, "Shef, da kai Shef, ku gafarce ni. Tun safe ina ba ku labari rabi-rabi. Ku bar ni in faɗe shi sau ɗaya a gabanku ku biyu." Na faɗa, tun daga allo har zuwa ƙafafun tsohuwar. Masu cin abinci duk sun juyo.

Hajiya mai abinci ta ajiye ludayi, ta riƙe ƙugu. Da gani ta girme su, kuma ta saba da su. Ta ce, "Ashe haka kuke? Kullum kuna nan kuna cin wagashina a faranti ɗaya, ban taɓa jin an ce wannan yankan na gari ne, wancan na ƙauye ba. Tsohuwa tana yawo a rana, jaririya tana jiran suna. To ku ji, babu ƙari yau sai kun je kun dawo."

Mai tumbi ne ya fara fashewa da dariya. Mai gashin baki ya daure, ya daure, shi ma ya saki. Ya goge hannu ya ce da abokinsa, "Gaskiya babu dokar da ta hana mu tafi tare. Ni in tsaya a nawa, kai ka tsaya a naka."

"Ai ba wanda ya taɓa samun mu a wuri ɗaya ne," in ji ɗan sandan, yana sa hula.

Yadda suka yi aikin nan har yau in na tuna sai na yi murmushi. Muna isa, ɗan sandan ya kafe babur ɗinsa a gindin allo, ya tsaya nan bai ƙara taku ba. Jandarman ya shiga gona, tsohuwar tana gaba tana nuna masa. Ba ɓarnar ragona kaɗai ta nuna ba, har inda awaki suka ci bara, da inda shanu suka karya mata shinge, duk sai da ya gani. Ya riƙa ɗaga murya yana gaya wa na bakin allo abin da idonsa ya gani, shi kuma yana amsawa da "na ji". Da aka gama aka nufi gida, sai suka yi musaya. Jandarman ya tsaya a ƙofa, ya cire hula, ya yi sallama kamar kowane baƙo, ɗan sandan ya shige gaba har gindin mangwaro.

A nan aka yanke magana. Ni zan dawo bayan suna in gyara shingen da ya karye, in kawo mata irin wake. Su kuma za su hana direbobi sauke dabbobi a bakin gonar, jandarma ya tsare ta wajen ƙauye, ɗan sanda ta wajen gari. Suka ce mata daga yau duk wanda ta fara samu a cikinsu, shi zai kira ɗan uwansa, ba ita za ta yi yawo ba. Tsohuwar ta dube su ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta tashi ta kwance igiyar da hannunta, ta damƙa mini.

"Mace ko namiji?" ta tambaye ni.

Na ce mace.

"Allah ya ba shi ƙafa mai hutu," in ji ta.

Ragon ya ƙi hawa babur, ya ci ya ƙoshi, ƙarfinsa ya dawo. Dole aka tafi da shi a ƙasa. Ɗan sandan ya ce tunda cikin gari ne, shi zai raka mu don kada a sake shiga wata gonar. Jandarman ya ce ikonsa ya ƙare a allo, amma babu wanda ya hana shi zuwa barka. Haka muka shiga zango bayan la'asar, babur a gaba, babur a baya, ni da rago a tsakiya, mata suna leƙowa ta kan katanga.

Surukina yana zaune a ƙofar gida da abokan nan nasa na ranar farko. Ya miƙe a hankali. Bai dube ni ba, bai dubi masu kaki ba, ragon ya nufa. Ya buɗe masa baki ya duba haƙora, ya shafa bayansa tun daga wuya har gindin wutsiya, ya ɗaga shi kaɗan ta ƙirji ya ajiye.

"Wa ya kiwata shi?"

"Ni ne, Baba."

"Hm. Wake ya ci yau, ɗanye." Ya juya ya leƙa zaure ya ce a mayar da wancan garke. Sannan ya dubi abokansa ya ce, "Na tsufa a cikin dabbobi, na kai rago gidan manya da yawa, ban taɓa ganin wanda hukuma biyu suka rako ba. Ɗana, shiga ka ga 'yarka."

Ranar ce ya fara ce mini ɗana, kuma daga ranar bai sake ce mini malam tela ba. Na shiga, aka miƙo mini ita a cikin zane, na rasa inda zan sa idona don kunya, na kuma kasa mayar da ita.

Da safe aka yanka ragon, aka raɗa suna. Surukina da kansa ya ware cinya guda ya ce a kai wa mai gona, aka kuma aika wa Hajiya mai abinci nata, ta soya wa mutanenta biyu a faranti ɗaya. Shinge kuwa na gyara shi, ƙaya ta huda mini yatsu fiye da yadda allura ta taɓa yi, tsohuwar tana zaune tana gyara mini kuskure.

Yarinyar yanzu ta yi girma, tana lise, wato babbar sakandare. Duk sanda muka je Dapaong, mota ta zo wucewa ta wajen allon nan, sai ta taɓa ni ta ce, "Baba, ga iyakar ragona." Tsohuwar ta rasu, jikokinta ke noma gonar.

Abin da yinin nan ya koya mini shi ne, iyaka ba laifi ba ce, an yi ta ne don kowa ya san aikinsa. Laifin yana wajen a ce da mutum "ba nawa ba ne, je can", a koma a zauna. Ni rabin yini na yi ina wannan yawo har na yi ƙwalla, ita kuwa damina bayan damina take yin sa a ƙafa. Tun daga lokacin, in wani ya kawo mini aikin da ba nawa ba, sai in ce masa lalle ba nawa ba ne, sannan in ɗaga ƙafa daga kan keke, in sa takalmi, in raka shi har ƙofar mai shi.